Cikar Ayaba Daban, Ƙwallonta Daban: Yadda Na Gwada Barbara a Gida

Ayabar da ake ci ba ta jiran barbara kafin ta cika. Ko ƙwaro bai taɓa sauka a furenta ba, 'ya'yanta za su kumbura su yi tsoka, kuma ɗigo-ɗigon baƙin nan da ake gani a tsakiyarta ragowar ƙwayayen da ba su samu zama iri ba ne. Ayabar daji ba haka take ba. In bununi, wato garin da namijin fure ke fitarwa, bai kai ga macen furenta ba, ɗan zai tsaya siriri har ya bushe a jikin nono. In kuma ya kai, sai ya cika da baƙaƙen ƙwallaye masu tauri, tsokar 'yar kaɗan. To wanda ya haɗa waɗannan biyun ya samu 'ya'ya, abin da zai fara damunsa shi ne: wa suka ɗauko, uwa ko uba? Ganye ba zai gaya maka ba, tsawon kara ma haka. Sai sun yi fure an gwada.

Uwar da na yi amfani da ita ayabar ci ce mai suna Pisang Awak, wadda a Tailan ake ce wa Namwa. Uban kuma Musa acuminata ce ta daji, wadda na tayar daga ƙwallo. Ba haka kawai na zaɓi Awak ba. Kuromosom ɗin ayaba, wato ƙananan zaren da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayoyin halitta, jeri-jeri suke zuwa, kowane jeri 11. Ta daji jeri biyu gare ta, 22 ke nan, don haka rabo yana fita daidai idan za ta yi bununi ko ƙwai. Yawancin waɗanda ake ci jeri uku gare su, 33, uku kuwa ba ya rabuwa gida biyu daidai, shi ya sa bununinsu da ƙwansu ke fitowa a gurgunce. Tun 1955 masanan ayaba Simmonds da Shepherd suka tsara yadda ake rubuta wannan da haruffa: A ga jerin da ya fito daga Musa acuminata, B ga wanda ya fito daga wata ayabar daji, Musa balbisiana. Cavendish, ayabar ci da aka fi kasuwanci da ita a duniya, AAA ce, agada AAB, Awak kuma ABB. A cikin masu jeri ukun, Awak na cikin 'yan kaɗan da aka sani da karɓar bununi. In akwai ta daji kusa da ita takan yi ƙwallo ko ba a sa mata hannu ba. Cavendish kuwa na goga mata bununi har na gaji, ban samu ko ɗaya ba, kuma ban ji haushi ba da na ga cewa cibiyar binciken noma ta FHIA a Honduras sai da ta yi wa nono wajen 20,000 barbara kafin ta tara ƙwallo kimanin 200.

Daga ƙwallayen da Awak ta ba ni, kaɗan ne suka tsira, cikinsu ma wasu suka tsumbure, ganyensu a murɗe, suka mutu tun suna cikin tukunya. Uku suka kai girma. Don sauƙin rubutu na sa musu suna: Doguwa, Mai Faɗi, da Auta wadda ta zo a makare. Mai Faɗi tun tana ƙarama ta bambanta: ganyenta mai kauri, hannun ganyen ba ya iya riƙe nauyinsa, sai ya sunkuyo ƙasa, iska kaɗan ta karya shi. Wannan alama ce da aka san masu jeri huɗu da ita. Yakan faru uwa mai jeri uku ta ba da ƙwai ɗauke da ukun gaba ɗaya, uba ya ƙara ɗaya, ɗa ya fito da 44. Ta wannan hanyar cibiyar binciken noma ta IITA ta samar da agada masu jure cutar baƙin tabon ganye, inda ta yi amfani da bununin wata ta daji da ake kira Calcutta 4, kuma ayabar FHIA-01 da aka fi sani da Goldfinger ita ma mai jeri huɗu ce. Ƙirga kuromosom aikin ɗakin gwaje-gwaje ne, a gida alamu ake bi.

Kafin a taɓa komai sai an fahimci yadda nonon ayaba yake fita. Ganyen ƙarshe yakan fito gajere, bayansa dunƙulen fure ya leƙo daga tsakiyar kara, ya sunkuyo. Dunƙulen ɓawo ne a kan ɓawo, masu launin jan garura, ƙarƙashin kowane ɓawo akwai sahun furanni a layi biyu. Sahun farko-farko mata ne, su ne za su zama ayaba. Bayansu akan samu sahu ɗaya ko biyu da ba mata ba ba maza ba, sannan maza su biyo, su yi ta buɗewa suna zubewa har nono ya nuna. Abin lura shi ne kafin namijin farko ya buɗe, matan da ke wannan nonon duk sun wuce lokacinsu. Nono ba ya yi wa kansa barbara, sai dai a wasu 'yan nau'o'i irin su Musa velutina da furanninsu na farko ke haɗe da mace da namiji. Matan kwanaki kaɗan suke yi, mazan kuma makonni. Don haka babbar wahalar mai gwaji a gida ba gogawar ba ce, samun namiji a buɗe a ranar da mace ta buɗe ne. Ni dai na bar wa ta dajin toho da yawa a gindinta, manya da ƙanana, ta yadda kusan kullum akwai wadda ke lokacin maza.

Da dunƙulen Doguwa ya sunkuyo, tun ɓawon farko bai ɗaga ba na zura shi cikin jakar yadi mai faɗi, na ɗaure bakin a wuyan nonon, na cusa auduga a wurin ɗaurin saboda tururuwa. Leda ba ta yi, tana tara zufa furen ya ruɓe. Gidan sauro yana tare ƙudan zuma, amma in ya manne da furen jemage na iya lasa ta cikinsa, kuma jemagu su ne ainihin masu barbarar ayabar da nononta ke rataye. Dunƙulen ta dajin ma na rufe shi tun da yamma, don in bar shi a buɗe kafin gari ya waye ƙudan zuma sun kwashe bununin, sun kuma kawo na wani wuri sun zuba a kai.

Aikin na safe ne, daga fitowar rana zuwa hantsi. Nakan fara da sahun da ba za a taɓa ba: in kwance jaka in duba su da hannu mai tsabta, tun ban kusanci namiji ba. Bununin ayaba mai danƙo ne, iska ba ta ɗaukarsa, amma yatsa na ɗauka. Daga nan in je wurin ta daji, in ɗaga ɓawon da ya fara buɗewa, in ɓalle sahun mazan gaba ɗaya in sa a kwano mai murfi. Kowane namijin fure zare biyar gare shi masu ɗauke da bununi. In ka ja ɗaya a kan baƙin ƙyalle, na daji yakan bar farin layi mai kauri. Na Cavendish ɗan ɓurɓushi, na agada kusan babu. Wannan gwajin ƙyallen nake yi kullum kafin in hau tsani, don akwai safiyar da zaren ke fitowa a jiƙe bai fashe ba.

Macen furen kuma ga yadda take a kusa: 'yar ayaba koriya mai kusurwa, a bakinta fure mai kama da kakin zuma, daga tsakiyarsa tsinke mai kauri ya fito, kansa a dunƙule, fari-fari, yana sheƙi da danƙo. Kewaye da tsinken akwai zare biyar marasa bununi. A gindinsa ruwan zaƙi ya taru har yana ɗiga. Kan tsinken nan shi ake nema. In ɓawon ya ɗaga da kansa da safiyar, ko ya saki har yatsa na iya ɗaga shi ba tare da ya yage ba, kan yana nan sabo. In ya kwana a buɗe zai fara yin ƙasa-ƙasa, danƙon ya ragu, ya kwana biyu ya yi baƙi. Nakan kama namiji biyu ko uku a haɗe, in goga zarensu a kan tsinken har in ga farin garin ya manne, in wuce na gaba. Layin ciki ya fi wuyar kaiwa, sai an ɗan karkata na waje. Wanda zai yi wannan aiki ya sa tsohuwar riga, don ruwan ayaba in ya ɗiga a tufafi tabonsa ba ya fita.

Yanzu ga abin da ya sa na kira shi gwaji ba barbara kawai ba. In ka goga wa nono duka bununi ya cika, ba ka koyi komai ba, don watakila ko ba ka goga ba zai cika. In kuma ka goga wa sahun sama ka bar na ƙasa, nan ma ka ruɗi kanka, domin sahun farko dama sun fi na baya girma a kowace ayaba. Shi ya sa na riƙa tsallake: sahun farko a goga, na biyu a bari, na uku a goga, haka har mata su ƙare. A nonon Mai Faɗi kuma na juya tsarin, na farko aka bari. Sahu ɗaya a kowane nono na raba shi biyu, na goga wa na gefen hagu, na bar na dama, na tsakiya ban sa su a lissafi ba tunda suna gogar juna. Jan zare na ɗaura a wuyan duk sahun da ya sha bununi, fari a wanda bai sha ba, na rubuta rana da yanayin gari a littafi. Jakar ba ta fita sai kan tsinken sahun ƙarshe ya yi baƙi ya bushe. Dunƙulen mazan kuma na bar wa kowacce nata, don yanke wa wata a bar wa wata zai iya canza cikar 'ya'yan ya ɓata kwatancen.

Makonnin farko babu abin gani. Duk 'ya'yan suka juya bakinsu sama, masu jan zare da masu fari, wannan kuwa ɗabi'ar ayaba ce ba alamar cika ba. Wajen wata guda Doguwa ta fara nuna halinta. Sahun jan zare suka yi ta kumbura, jikinsu ba sumul ba, in ka shafa kana jin gudaji-gudaji a ƙarƙashin ɓawo. Na farin zare suka tsaya yadda suke, ba su wuce kaurin ɗan yatsa ba, kusurwoyinsu a tsaye. Sahun da na raba biyu shi ya fi komai bayyana lamarin: wuya ɗaya, rana ɗaya, ruwa ɗaya, amma hagu ya yi ɓul-ɓul dama ya ƙanjame. Da na tsaga ɗaya daga cikin siraran, ɓawo ne kawai da ramuka uku, a cikinsu ƙwayaye ƙanana a jere sun yi ƙasa-ƙasa, babu tsoka ko kaɗan. Doguwa uba ta ɗauko. Kyawunta da tsawonta da ƙarfin gindinta duk ba su hana ta zama ayabar da ba za ta ciyar da kowa ba.

Wannan ba abin mamaki ba ne in aka san cewa cika ba tare da barbara ba gado ne, kuma ba ƙwayar gado ɗaya ke riƙe da shi ba. Simmonds ya nuna tun 1953 cewa aƙalla guda uku ne suke aiki tare, in ɗaya ta ɓace sai halin ya raunana ko ya tafi. Daga ɓangaren acuminata halin ya samo asali, can inda mutane suka fara zaɓar masu tsoka suna dasa tohonsu. A fadamar Kuk da ke Papua New Guinea an samu alamun noman ayaba na kimanin shekara 7,000. Ta daji ba ta da cikakken wannan gado, saboda haka duk wanda ya sa ta a matsayin uba ya san wasu 'ya'yan za su koma gidan jiya.

Mai Faɗi ta ba da akasin haka. Jan zare da farin zare duk suka cika, har in ba ka duba zaren ba ba za ka bambance su daga nesa ba. Da ɗan farko ya fara yin rawaya, wata uku da wani abu bayan fure, na sare nonon na rataye a inuwa ya ƙarasa nuna, sannan na bi sahu-sahu ina tsaga kowane ɗa a tsaye. Na farin zare tsoka ce zalla. Na jan zare tsoka ce da ƙwallaye, ba cunkus irin na Doguwa ba, 'yan kaɗan a kowane ɗa, wani ma babu. Kuma kusan dukkansu a ɓangaren baki suke, inda furen yake, ɓangaren wuya fayau. Dalili shi ne bununin da ya sauka a kan tsinke sai ya tsiro da siririn bututu ya bi ta cikin tsinken ya gangara, ƙwayayen da ke kusa da baki su yake fara tararwa, na can ƙasa sau da yawa kafin ya kai sun wuce lokaci. Masu binciken ayaba sun daɗe da lura da wannan, amma gani ya kori ji.

Abu biyu ke nan Mai Faɗi ta tabbatar, kuma ba ɗaya ba ne. Tana cika da kanta, sannan tana ɗaukar iri. Na farkon shi mai ci yake so, na biyun mai haɗa iri. Ga mai ci ma na biyun matsala ne, domin in aka dasa ta kusa da ta daji jemage zai yi aikin da na yi da tsani, kuma ƙwallon ayaba yana iya fasa haƙori. Shi ya sa masu haɗa iri ba sa tsayawa a jeri huɗu: sukan mai da ita uwa, su kawo uba mai jeri biyu, su sake samun 'ya'ya masu jeri uku waɗanda ba sa ƙwallo. Ɗanɗanon tsokar kuwa iri ɗaya ne a sahun da ya sha bununi da wanda bai sha ba. Nakan ji ana cewa wai barbara da wata ayaba tana canza zaƙin nonon da aka yi wa; tsoka jikin uwa ce, uba ba ya bayyana sai a abin da ya tsiro daga ƙwallon.

Auta ce ta fi ba ni aiki, don ba ta tsaya a gefe ɗaya ba. Na farin zarenta sun fara cika suka tsaya a hanya, tsoka siririya manne da ɓawo, tsakiya a rame. Na jan zare sun fi su kauri, amma a wurin da ƙwallo yake kawai, sai ɗan ya fito da kai babba gindi a tsuke. Ƙwallon da ke girma yana sa tsokar da ke kewaye da shi ta girma, abin da ke cika ta daji ke nan, a Auta kuma ga shi ana ganin iyakar inda tasirinsa ya tsaya. Sai dai ita a lokacin sanyi ta yi fure, nononta na fari ne, kuma gindinta bai kai na sauran ba. Sanyi da ƙarancin abinci su ma suna hana ayaba cika. Nono ɗaya ba ya isa a yanke wa ayaba hukunci, balle na fari.

Saura tambaya ɗaya: bununin Mai Faɗi yana aiki? A baƙin ƙyalle yana barin layi, bai kai na daji ba amma ya fi na uwarta nesa. Layi a ƙyalle kuwa ba shaida ba ne cewa yana da rai. Nan ta dajin ta yi mini amfani na biyu, don babu ma'auni kamarta: tunda ba ta cika sai da barbara, duk ɗan da ya kumbura a cikin jaka shaida ne. Na rufe wani nononta, na goga wa wasu sahu bununin Mai Faɗi, wasu na 'yar'uwarta ta daji, wasu na bar su haka. Na 'yar'uwar suka cika dam. Waɗanda aka bari suka bushe. Na Mai Faɗi suka kumbura a karkace, da na buɗe ƙwallayen da yawa amma akasarinsu shafaffu ne marasa nauyi. Yana aiki, da rauni. A ganina wannan ya ƙara nuna hikimar sa mai jeri huɗu a matsayin uwa ba uba ba.

Fitar da ƙwallo ba wuya: a dama nunanniyar tsokar a ruwa, a tace da rariya, a wanke har santsin ya fita. Sai a zuba su a kofin ruwa. Masu nutsewa su ake so, masu tasowa yawanci fanko ne. Na fasa wasu daga kowane kashi don in tabbatar. Mai nutsewa ɓawonsa baƙi ne mai kauri, cikinsa farin gari cike, a ƙarƙashin wani ɗan toshi da ke gefen da ya manne da uwa kuma ga ɗan tayin, fari, ƙarami ƙwarai, sai da gilashin ƙara girma na gan shi sosai. Mai tasowa in ka fasa, ko rami ne ko ɗan baƙin busasshen abu. Akwai kuma masu garin babu ɗan tayi, su ma nutsewa suke yi, don haka ruwa yana rage shara ne kawai. Ƙidayar da na rubuta wa kowane sahu ta masu nutsewa ce, ba ta duk abin da ya yi kama da ƙwallo ba.

Tsirowa ita ce inda ake asarar mafi yawa. Manyan cibiyoyi ba sa ma jira: sukan fasa ƙwallon a ɗakin gwaje-gwaje su ciro ɗan tayin su raine shi a kwalba, domin ƙwallon haɗi in an shuka shi a ƙasa kaɗan ne ke fitowa. A gida abin da ya fi yi mini shi ne shukawa nan take, tun ƙwallon bai bushe ba, a cikin yashi mai laushi haɗe da ruɓaɓɓen ganye, zurfin gaɓar yatsa, a wurin da rana ke ɗumama tukunyar dare kuma ya sanyaya ta. Bambancin zafin rana da sanyin dare yana taimaka wa ƙwallon ayaba ya farka. Na Doguwa sun fara leƙowa cikin makonni kaɗan, da yawansu. Na Mai Faɗi ɗai-ɗai suke fitowa, wani bayan wata guda, wani bayan wata uku, shi ya sa ba na zubar da tukunya don ta yi shiru.

Doguwa na rage ta zuwa gindi ɗaya, kuma ina sare dunƙulenta da zarar matan sun ƙare don kada bununinta ya yawata. Auta na cire mata toho na dasa a wurare daban-daban, ɗaya a rana sosai, ɗaya inda ruwa ya fi zama, don su yi fure a lokuta mabambanta. Toho kwafin uwarsa ne, saboda haka duk bambancin da aka gani tsakaninsu na wuri ne da yanayi. A zagaye na gaba nono guda zan rufe gaba ɗaya ba tare da ya ga bununi ba ko a sahu ɗaya, domin a nonon da aka raba, 'ya'ya masu ƙwallo na iya janye abincin da zai je wa marasa shi, su sa su fi ramewa fiye da yadda halinsu yake. 'Ya'yan Mai Faɗi kuma suna tukunya, kowanne da lambar sahun da ya fito a jikin tukunyarsa, sai sun kai tsawon gwiwa za su sauka ƙasa.